Rumfa Ɗaya, Suna Ɗaya

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya ambaci sunana ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ga shi kuma sunan mahaifinsa aka sa mini, abin ya zama biyu. Ana yaye ni aka kai ni Kwandiko wajen kakata, ban dawo Birnin Kudu ba sai da na isa riƙe fartanya. In Baba zai kira ni sai ya ce "kai", in zai yi zancena da wani sai ya ce "wancan". Da na koyi ɗinki na samu ƙarin girma, na zama "mai keken nan". Mutanen gari ma da laƙabi suka san ni, sunan yanka kuwa yana can kwance a takardar haraji.

Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Haka na ga ana yi, haka abokaina 'yan fari suka tashi.

Baba ma'auni ne, hatsi yake aunawa a tsohuwar kasuwar tsakiyar gari. Rumfarsa ta girme ni. Ni kuma na kafa keken ɗinkina a gefenta, daidai inda inuwa take ƙarewa. Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka, shi da mudunsa ni da almakashina, in ban da gaisuwar safe ba abin da yake haɗa mu. Da wannan keken nake ci da mata da 'ya'ya huɗu.

Sai kuɗin mai suka fara zubowa. An bar sule da fam an koma naira, duk wanda ka gani da babbar riga sai ya ce maka shi ɗan kwangila ne. Wata rana aka tara mu aka ce gwamnati za ta rushe rumfunan, ta gina abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan tamu: bene zagaye, ƙasa shaguna, sama ofisoshi da ɗakunan haya, a tsakiya kuma dandali mai daɓen siminti da famfo da kujerun zama. Dattawa suka tambaya me za a sayar a dandalin. Aka ce ba a sayar da komai, na shan iska ne. Wani tsoho mai sayar da igiya ya ce shi dai a saninsa iska kyauta Allah yake ba da ita, bai san sai an yi mata daɓe ba.

Abin da ya kwantar da hankalin mutane shi ne rangwame. An ce duk mai tsohuwar rumfa za a ba shi shago, gwamnati ta ɗauke masa mafi yawan kuɗin haya har wasu shekaru. Baƙo kuwa sai ya biya cikakke, kuma cikakken ba na irinmu ba ne. Ma'auna an mayar da su bayan gari inda motocin hatsi za su samu wurin juyawa, don haka Baba ba ya bukatar shagon. Amma haƙƙinsa yana nan, zai iya barin sa ga ɗansa guda. Rumfa ɗaya, suna ɗaya.

Katafila ta shigo ta share kasuwar cikin kwana biyu. Na ɗauki kekena na koma zauren gidanmu, can ƙarshen lungu inda ko akuya sai ta ɓata hanya take zuwa. Ginin ya ci fiye da shekara. Masu kawo mini ɗinki suka yi ta raguwa, tun ina ƙirga su har na daina don kada raina ya ɓaci. Sallah guda ta wuce ban ɗinka abin kirki ba. Duk da haka ina da abin da nake riƙe da shi a zuci: kowa ya san ni na zauna a rumfar nan, shagon nawa ne.

Da aka gama gini aka fara rajista da takarda, mai rumfa ya dangwala yatsa. Ba a yi mako ba abin ya dagule. Rumfa guda sai ta fito da takardu uku, har wani bawan Allah da muka binne tun kafin a fara ginin aka samu ya dangwala nasa yatsan. Kwamitin da aka turo daga Kano ya fusata, ya yayyage takardun, ya kafa sabuwar doka. Za a taru a dandali ranar Talata. Kowane mai rumfa ya tsaya gaban jama'a, ya faɗi da bakinsa cikakken sunan wanda zai shiga shagon, wanda aka ambata ya amsa. Ba wakili, ba saƙo. Wanda ya kasa, shagonsa ya koma hannun hukuma a ba mai iya biya.

Da na ji wannan sai na tuna Baba bai taɓa faɗin sunana ba.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, yana harkar motoci a tasha. Shi sunansa a bakin Baba kamar ruwa, a yini sai ya kira shi sau ashirin, rabi don aike rabi don faɗa. Ya same ni a zaure ina ɗinkin wata tsohuwar taguwa, ya zauna a kan tabarma yana murmushi.

Ya ce, "Yaya, ka ji doka?"

Na ce na ji.

"To mu sauƙaƙa wa tsoho mana. Ya faɗi nawa, in an ba ni makulli in miƙo maka. Ai duk gida ne."

Na dube shi. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, amma hannunsa rariya ne. Kuma na riga na ji cewa wani mai sayar da rediyo daga Kano ya kai shi cin tsire sau biyu a mako guda, ba kuwa don Allah ba, shagon yake hari.

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya ina shan rana a rumfar nan, kana ina?"

Ya miƙe yana kaɗe wando. "Ni dai gaskiya na faɗa maka. Baba ya gwammace a rushe benen nan da ya faɗi sunanka. In ka ƙi nawa, mu duka mu tashi a tutar babu."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Gaba kura, baya sayaki.

Matata ta dame ni in je in yi wa Baba magana. Magana wace iri? In ce masa me, Baba ka kira ni? Duk da haka ranar Litinin bayan la'asar na tafi bayan gari wajen ma'auna. Na tarar da shi yana ɗaure bakin buhu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon buhun. Na zauna. Duk kalmomin da na tsara a hanya suka watse. Can ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "An ce gobe ne."

Na ce, "Gobe ne."

Ya ce, "To."

Iyakar shawarar da muka yi ke nan, na taso na dawo gida.

Talata tun da hantsi dandali ya cika. Ranar na fara taka shi. Simintin sabo ne, fari fat, yana mayar wa mutum da rana a fuska. Itatuwan da aka dasa ba su kai gwiwa ba, kowanne an kewaye shi da kara don awaki. Kujerun shan iskar nan sun yi zafin da ba mai iya ɗora mazaunai a kansu, sai kowa ya tsaya. Benen ya kewaye mu ta ko'ina, ƙofofin shaguna kore shar, duk a kulle. Na san wanda ya faɗo a kan rumfarmu, na kusurwar gabas ne, na sha zuwa ina leƙa shi ta tagar bayan bene har na zaɓi inda zan ajiye keke.

An kafa tebur a gaban famfo. Shugaban kwamiti yana zaune da tabarau, gefensa akawu, wani matashi mai gashi cunkus, riƙe da abin magana na lasifika. Sarkin kasuwa, abokin Baba tun suna samari, yana tsaye don shaida. Can gefe a inuwar bene 'yan kasuwar Kano ne da jakunkunansu, suna jiran abin da zai faɗo.

Aka fara kira. Mai rumfa ya fito, ya faɗi suna, a amsa, a miƙa makulli. Wani dattijo mai sayar da fatu ya tsaya yana inda-inda tsakanin 'ya'yansa biyu, shugaban ya dubi agogo, ya ce a wuce. Nan take aka soke shagon. Dattijon ya yi ta roƙo, ba wanda ya kula shi. Ƙanena yana tsaye kusa da ni, ya raɗa mini, "Ka gani ko?"

Sai aka kira Baba.

Ya fito a hankali, da farar rigarsa ta Juma'a. Ban san ya sa ta ba sai lokacin. Akawu ya ce, "Baba, kai za ka shiga ko wani ka bar wa?"

"Na bar wa yaro."

"Wane yaron?"

Baba ya nuna inda nake da haɓa, bai dube ni ba. "Ga shi can. Mai keken nan."

"Suna nake so, Baba."

Baba ya kau da kai. Sarkin kasuwa ya matso ya sunkuya wajen shugaban. "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinsa ne. Duk garin nan an san shi. Ni sai in faɗa a madadinsa."

Shugaban ya ce, "Sarki, in na karɓa daga bakinka yau, gobe kowa ya zo da nasa sarkin. Irin wannan ce ta sa matattu suka yi rajista. Da bakinsa."

Akawu ya yi dariya ya ce cikin lasifika, "Ko dai Baba ya manta sunan ɗansa ne?"

Wasu samari suka kwashe da dariya. Dattawa ba wanda ya yi, duk suka sunkuyar da kai. Na ji kamar in tsinka wa akawun nan mari. Ƙanena ya matsa gaba taku ɗaya, inda Baba zai gan shi sosai. Shugaban ya sake duban agogo. Ɗaya daga cikin mutanen Kano ya fara buɗe jakarsa.

A raina na ce shi ke nan. Ko ya faɗi na ƙanena, ko ya juya ya tafi. Kuma wallahi a wannan lokacin ban san wanne na fi so ba, don ganin sa tsaye a rana ana yi masa dariya saboda ni ya fi mini rashin shagon ciwo. Na buɗe baki in ce a bar shi, na haƙura.

Kafin in yi magana leɓunansa suka motsa. Akawu ya ce bai ji ba, ya kai abin maganar daf da bakinsa. Baba ya rufe ido. Sai na ji sunana, cikakke, nawa da nasa a haɗe, ya fito daga lasifika ya bugi bangon bene ya dawo. Muryar Baba ce, amma ba da sigar mai ba da shaida ya faɗe shi ba. Jan sunan ya yi, yadda ake kiran yaro daga cikin gida.

Doka ta ce in amsa, ni kuwa na ƙame. Shekara talatin da ɗaya ban san ina jiran wannan ba sai da ya zo, da ya zo kuma kunya ta rufe ni kamar na ga mahaifina ba riga. Na kafa ido a kan siminti, ina jin Baba yana tsaye yana jira.

Akawu ya gaji, ya maimaita sunan da muryarsa ta gaggawa, ya ce, "Yana nan ko ba ya nan?" Ƙanena, Allah ya saka masa, shi ya zungure ni da gwiwar hannu. "Yaya, amsa mana!"

Na ce, "Ga ni."

Aka rubuta, aka miƙo mini makulli. Da na ɗago kai Baba har ya kai bakin ƙofar dandali, yana tafiya da sauri irin wadda ban san shi da ita ba. Sarkin kasuwa ya bi bayansa.

Na shiga shagon, na yi arziki daidai gwargwado, a cikinsa na aurar da 'ya'yana. Baba bai sake taka dandalin nan ba har ya bar duniya, in zai je bayan gari sai ya zagaya ta bayan bene. Washegari da na je gaishe shi na koma "kai", kuma a haka muka ƙare. Na sha yin niyyar in ce masa na ji, in gaya masa abin da ya riƙe mini baki, amma ba a yin irin wannan magana da uba.

Sau ɗaya ya kira ni a duniya, a gaban gari guda, ya tsaya yana jira. Ni kuwa akawu na amsa wa.