Datsiyata da Ka Fasa, Sitafa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Sitafa Ndong, masunci a tsibirinmu na bakin kogin Salum. Ni Birama Sarr, tsaransa, shekara sittin ina jin kishinsa, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu.

Sitafa, kaciyarmu ɗaya, kwalekwalenmu na farko ɗaya, amma kullum komarka ta fi tawa nauyi. Da furfura muka shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci. Kai ka rubuta sunanka a mako biyu, ni sai da damina ta wuce. Abu ɗaya na taɓa fin ka da shi: datsiyar.

Ni na tara gari muka cike mashigin ruwan da ke tsakaninmu da gonakin shinkafa. Shekara biyu muna jidar bawon katantanwa da laka, har mata suka daina shiga ruwa zuwa ƙirji da kaya a ka. Aka sa wa datsiyar suna Hanyar Birama. In na taka ta, sai na gyara hula.

Kai ne ka fara cewa ruwan bayanta ya yi barci. Teku takan cika ta janye sau biyu a rana, shi yana nan kwance, da ɗumi da wari. Ciyawar ƙarƙashin ruwa, inda 'ya'yan kifi ke ɓuya, ta yi baƙi ta ruɓe. Jatan lande ya ƙaura. Ayun da muke gani yana kiwo tun muna yara ya daina zuwa. Ka kawo ruɓaɓɓiyar ciyawar cikin ƙwarya ka ajiye mini a gaban dattawa, ana tsakiyar shan shayi.

“Ɗan Sarr, ga amfanin gonarka na kawo maka. A dafa maka da shinkafa?”

Aka yi dariya. Na ce maka baƙin ciki ne kawai ke cin ka. Shekara uku ban amsa gaisuwarka da kyau ba, kai kuwa duk ranar da ka kamo babban kifi sai ka aiko wa gidana da kan.

Da gari ya yarda a buɗe wa ruwa ƙofa uku a jikin datsiyar, na ƙi fita. Daga ƙofar gida nake jin ƙarar diga. Ka shimfiɗa katako a kan kowace ƙofa don kada matan su koma shiga ruwa, abin da ni ban taɓa tunani ba. Sannan ka riƙa ciro ciyawa da saiwarta daga bakin teku, kana dasawa da hannu in ruwa ya janye, kamar mai dashen shinkafa. Damina huɗu aka yi kafin ƙasan ruwan ya sake yin kore. Ranar da ayu ya dawo, ba ka sanar a masallaci ba, ni ka fara zuwa wa. Ka ce in zo in ga baƙon da hanyata ta yi. Hanyata, ka ce. Amma mutane sun riga sun koma kiranta Gadar Sitafa, kuma har yau sunan yana sukata.

Kwana biyu da binne ka, matar Ablay, ɗana, ta haifi namiji. Jikoki mata shida na yi kafin shi. Na yi rawa a tsakar gida da gwiwoyin nan nawa, gari na cikin makoki, Allah Ya yafe mini. A gidanmu kaka ne ke raɗa wa liman suna, kuma kowa ya san takwara nake jira.

Ana gobe suna Ablay ya durƙusa ya ce, “Baba, shinkafa da kifin da za a ci gobe, ka san ruwan da kifin ya fito.” Na gane, ruwan da ka farfaɗo da shi yake nufi.

Da safe na bi ta kan gadar. Ruwa na shiga ta ƙofofinka uku, ƙananan kifi na bin sa kamar an watsa allurai. Na dawo, liman ya miƙo kunne, na raɗa masa sunanka. Ko a nan ka riga ni. Yanzu ina da Sitafan da zan ɗora a cinya in yi masa faɗa, ba ya ramawa.

Ya Allah Ka gafarta wa Sitafa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka shayar da shi daga ruwa mai gudu. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Nyilan, da 'ya'yansa, da dukan zuriyar Ndong. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani. In ya riga ni shiga Aljanna, wannan karon ba zan ji haushi ba.