Darasin Aljebra Da Na Ƙi Gyarawa

A lokacin ina saurayi, ɗan garin Beri, sabon malami a wata makarantar kuɗi a Kontagora, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya bayan kasuwa. Da malamin lissafi ya bar aiki, shugaban makaranta ya tambaye ni ko zan iya riƙe 'yan ajin ƙarshe. Na ce zan iya, alhali aljebra ta sha kayar da ni tun ina ɗalibi. Tsoro nake kada a ga ba ni da amfani a sallame ni.

Muka zo darasin da ake raba ƙa'idar lissafi ɗaya da wata, sannan a nemo lambobin da ya halatta a saka a gurbin x. Na koya wa yaran su fara soke abin da ya yi kama a sama da ƙasa, sannan su duba sauran. A misalina akwai x a debe biyu a sama da ƙasa, na soke su, na ce kowace lamba ta halatta. Ashe in aka saka biyu, abin da ke ƙasa yana komawa sifili, kuma ba a rabawa da sifili. Tun kafin sokewa ake fitar da biyun.

Malamin kimiyya, wani dattijo Bakambare, shi kaɗai ke jana da hira a makarantar, har yakan rage mini hanya a babur. Ya hango allon ta taga. Da aka tashi ya ja ni gefe yana dariya, yana kirana ɗansa, wai na buɗe wa biyu ƙofa alhali ba a gayyace ta ba, in zo gidansa bayan la'asar mu duba tare. Na ce masa ya ji da kwalabensa na kimiyya. Daga ranar na daina shiga ɗakin malamai, ina cin ƙosaina a aji, in taka zuwa gida a ƙasa. Darasin kuwa ban gyara ba, don gyarawa yarda ce da maganarsa.

Jarrabawar gwaji ta zo da irin tambayar, yaran suka rubuta abin da na koya musu, kowa ya rasa makinta. Wata ɗaliba ta kawo mini takardarta, ta ce in nuna mata inda ta ɓata. Na nemi dattijon, aka ce ya koma garinsu jinya. Bai dawo ba, Allah Ya jiƙansa.

Rashin sanina da tsumma ɗaya za a goge shi daga allo. Girman kaina ne ya cuci yaran mutane. Ɗan'uwa, in wani ya ja ka gefe don ya gyara maka a ɓoye, asirinka yake rufawa. Ka bi shi tun yana nan.