Mai Ɓuya Bayan Kwamfuta

"To wane ɓangare kake yi wa leƙen asirin, Alhaji?" in ji Rabe.

Dattijon da ya tarar a bakin inda ake ɗaukar shirin talabijin na 'yan leƙen asiri a garin Salford yana gyara tsohuwar kwat da aka ba shi. Aikinsa a shirin shi ne zama bayan ƙatuwar kwamfutar zamanin da, mai wayoyi kamar taliya, yana danne-danne shiru. Rabe na zargin injiniya ne, don biro uku ne a aljihunsa.

"Ɓangaren da kyamara ba ta kallo. Hajiya, uwargidana, ba ta san council, hukumar gari, sun sallame ni daga aiki ba, kuma shirin nan ba ya wuce ta."

Aka kira su. Dattijon ya ja hula har gira, ya shige a sunkuye.