Titus a Kududdufin Alhaji Sale

Duk ranakun aikina, Alhamis ɗin da na shiga Madachi da daskararren kifi a leda ita ce ba ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina mataimakiyar jami'in kiwon kifi, ina zagaya ƙauyukan Rano da Kibiya. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ƙa'idar ita ce kafin manomi ya fara kiwo mu duba ruwansa, mu duba irin da zai zuba, sannan mu sa hannu a takarda.

Ban jima da dawowa daga kwas a bakin teku ba, inda muka yi ta rarrabe kifaye har na fara mafarkinsu. Akwai na ruwan daɗi irin tarwaɗa da karfasa, akwai na bakin kogi inda ruwa ke gauraya da gishiri, akwai na teku tsantsa. Na tekun ma kowa da unguwarsa: wasu a sama suke yawo garke-garke, wasu a ƙasa suke kwance, wasu sai ruwa mai ɗumi irin na gaɓarmu, wasu sai mai sanyi.

Ranar Talata labari ya iso ofis cewa Alhaji Sale, wani dattijo mai faɗa a ji a Madachi, wai ya zuba 'ya'yan titus, kifin ƙanƙarar nan, a kududdufinsa. Wani baƙo ne ya kawo masa a jarka. Maƙwabtansa shida har sun yi magana da mai katafila, ranar Asabar zai haƙe musu fadamun da suke noman albasa, su ma su yi kududdufin titus. Fadama kuwa in aka kwashe mata ƙasar sama, ta tashi daga aiki.

Na ce wa ogana ba titus ba ne, ko ban gani ba.

Ya ce, "Malama Rabi, Alhaji ya haife ki ya haife ni. Ki bari kifin ya girma, zai gane da kansa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ya girma an haƙe fadama shida."

Ya ce zai yi tunani. Na yi ta jiran tunanin nan har Laraba ta wuce. Ranar Alhamis na daina jira. Na biya kasuwar Rano na ɗauko titus guda wajen masu kifin ƙanƙara, na hau adaidaita.

Na sami Alhaji a soro. Bayan mun gaisa na roƙi a ɗebo mini 'ya'yan kifin a kwano, na kuma roƙi mu gana mu biyu, don ba tozarta shi na zo yi ba. Na shimfiɗa titus ɗin kusa da kwanon.

"Baba Alhaji, duba bayan wannan. Ƙayarsa biyu ce a rabe, ga wasu 'yan ƙanana a jere har wutsiya, wutsiyar kuma a tsage kamar almakashi. Yanzu duba naka. Ƙaya ɗaya ce doguwa, da ɗigon baƙi a ƙarshenta. Karfasa ce, irin ta dam ɗinmu."

Ya tsuke fuska. "Ai yara ne, 'yata. Ke haka aka haife ki?"

"Da yatsu biyar aka haife ni, Baba, har yau biyar ne. Titus kuma ɗan teku ne, ruwan rijiya kashe shi zai yi."

"To mu zuba gishiri mana! Gishiri ne babu a Rano?"

Na danne dariya da ƙyar. Na ce masa ko tekunmu na kudu titus ba ya zama, ya yi masa ɗumi. Daga ƙasashen sanyi ake kawo shi a jirgin ruwa, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganinsa da rai a kasuwa.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Gaskiya ya ba ni tausayi. Na ce in yana so ni zan yi wa maƙwabtan bayani, ba sai sunansa ya fito ba.

Ya ce, "A'a. Bakina suka ji suka yarda, bakina za su ji su fasa."

Bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci, ya ɗaga titus ɗin da na kawo ta wutsiya, ya ce, "Jama'a, ni aka yaudara. Kar wanda ya taɓa fadamarsa." Ban taɓa ganin girma irin na dattijon nan a wannan yammacin ba.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ga abin da na koya. Mutanenmu ba sa ƙin gaskiya in an ajiye musu ita a gaba sun gani da idonsu, kuma in ka san abu ka sani, kai shi inda ake buƙata tun da zafinsa. Fadama biyar suka tsira. Ta shida ta Malam Iro ce, wanda bai iya jiran katafila ba, ya tara majiya ƙarfi suka haƙe ta da hannu ranar Laraba, ina ofis ina jiran izini. Har yau rami ce, kuma duk sanda na bi hanyar sai na kalle ta.