Ranar da Kakana Ya Tayar da Jirgi

Jiya wani bakanike ya wuce ta gabana da warin giris a rigarsa, sai na tuna kakana na wajen uwa. Ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran kan jirgin ƙasa, amma lokacin da na yi wayo a gidanmu na Daɗin Kowa ya daɗe da ajiye aiki, jirgin ma sai a yi makonni bai wuce ba. Idan ya fara labarin reluwe, kawunnaina sai su sulale ɗaya bayan ɗaya. Ni kaɗai ce mai zama, don ina son gyaɗar aljihunsa.

Wata safiya da damina, ana yayyafin nan na Jos mai shiga ƙashi, muka ji jirgi yana gurnani a hawan bayan unguwa, ya ƙi gaba. Kaka ya ɗauki sandarsa, na riƙe masa lema. Muka tarar ƙafafun kan jirgin suna juyawa wuri ɗaya, fasinjoji sun leƙo ta tagogi, har da mai ciki da ake hanzarin kaiwa asibiti.

Kaka ya nuna mini cewa ƙafafun taragu bi kawai suke yi. Na kan jirgi ne masu ja: kowane biyu suna haɗe da sandar ƙarfe guda, injin lantarki na juya sandar ta haƙoran ƙarfe da ake kira giya. Ƙarfi na nan, in ji shi, dogo ne ya yi santsi.

Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya taɓa bututun da ke zuba yashi gaban ƙafa don ta kama dogo. Yashin ya jiƙe, ya toshe. Direban, sa'an kawunnaina, ya sauko yana share gumi.

"Baba, ka san aikin nan ne?"

"Tun ba a haife ka ba. Samo mini wayar ƙarfe."

Da aka kawo, Kaka ya zungure bututun da ita, matan unguwa suka kawo busasshen yashi a kwanuka aka barbaɗa bisa dogo. Ƙafafun suka kama, jirgin ya tafi a hankali. Ranar Kaka ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, kawunnaina kuwa suka zauna suka ji labarin reluwe har ƙarshe.

Yau ciyawa ta rufe dogon, awaki ke kiwo a kai. 'Yata ba ta taɓa ganin jirgi yana tafiya ba, amma ta san waɗanne ƙafafu ne ke ja, don ni na gaya mata.