Tukunyar Bayan Murhu

Shin da gaske tukunyar ya ji, ko kuwa so ya yi in fita daga ɗakin? Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, har yau ban samu mai amsa mini wannan ba. Ni ban san baƙi ba, malamin unguwarmu a nan garin Kiyako ne yake rubuta abin da nake faɗa, idan kuka ya ci ƙarfina ya ajiye alƙalami ya jira ni. Sunan marigayin kuwa ban taɓa kama shi ba yana raye, ba zan fara yanzu ba. Shi ma Ta-Gwaram yake ce mini, don daga Kwandiko ta ƙasar Gwaram aka kawo ni.

Magini ne, ni kuma daddawa nake yi. Duk wadda ta taɓa dafa kalwa ta san wuni guda take yi a kan wuta, tana shan ruwa kamar raƙumi. Ruwan ya ja baya, ki ɗebo na randa ki ƙara, tafasa ta mutu, ki tura itace ki jira ta farfaɗo. Haka uwata ta yi, haka na tarar ana yi, ban taɓa ganin abin tambaya a ciki ba.

A shekarun nan itace ba abin wasa ba ne. Na kusa da gari ya ƙare, sai an nausa daji, mahara kuma suna saukowa daga duwatsu. Maƙwabciyata Kande ta fita da safe da gammonta, gammon kaɗai aka tsinta. Bayan sati ni ma na ɗauki gatari, domin in babu daddawa, babu abin da zan kai kasuwar Birnin Kudu. Maigida ya tsaya a bakin zaure yana kallon fitata, amma da na dawo na same shi tsugune a gindin murhuna, ya miƙa hannu bayan tukunya inda hayaƙi ke fita.

Ya ce, "Ta-Gwaram, wannan zafin da ke ƙona mini hannu, na wane ne?"

Na ce, "Na Allah ne mana. Tashi kada a shigo a gan ka."

Ya ce, "Naki ne. Ke kika ɗauko shi a ka tun daga daji, ga shi yana tafiya bai gaishe ki ba."

Ya kwaɓa laka ya kewaye duwatsun murhun, ya bar baki a gaba, ya ja wani maƙogwaro na fitar hayaƙi ta baya. A kan maƙogwaron ya zaunar da ƙaramar tukunya, ya ce in cika ta da ruwan randa, in babbar ta nemi ƙari in ɗiba daga nan, in sake cika ƙaramar. Abokansa suka samu abin yi. Wani ya leƙo ta katanga ya ce, "Sarkin magina, yaushe za a ɗaura maka zane?" Ya ce masa, "Ran da ka fara cin miya ba daddawa."

Ranar da na fara gwadawa na zuba ruwan ɗumin ina jiran tukunya ta yi shiru yadda ta saba. Ta ɗan yi ƙasa da murya kawai, ta ci gaba. Na tsaya da ƙwarya a hannu kamar wadda aka yi wa dabo. Itacen da a da yake ƙarewa kafin la'asar, sai ga shi na kwana da saura. Daga baya ƙirare da karan gona suka riƙa isata mafi yawan lokaci, shigata daji ta ragu ƙwarai. Ban san ko wannan tukunyar ce ta hana a tsinci nawa gammon ba. Shi dai haka ya ɗauka.

Bai tsaya nan ba, don mutum ne mai son ya ga ƙarshen abu. Ya ƙara tukunya ta uku a bayan ta biyu, wai ruwa ya riƙa hawa daki-daki, daga sanyi zuwa ɗumi zuwa zafi. Ta ukun ta ɗan taimaka kaɗan. Da ya ƙara ta huɗu sai wuta ta shaƙe, hayaƙi ya dawo mini a ido, na yi ta hawaye ina yi masa tsiya. Ya rushe ta yana dariya, ya ce ashe hayaƙi ma sai an bar masa ɗan guzuri kafin ya yarda ya fita.

Yau gidaje da yawa a unguwar nan akwai irin murhun, har masu sabulun salo sun ɗauka. Yaran matan da ke aiki da shi ba su san wanda ya fara ba, cewa suke haka aka gada. Nakan so in san abin da zai ce. Ina jin ba zai damu da sunan ba, zai tsugunna ne ya sa hannu a baya, ya tambaye su sauran zafin da ke fita na wane ne. Abin da ya bari ke nan: ɗakunan da ya gina damina ta ci yawancinsu, tambayar tana nan.

Ciwonsa na ƙarshe zazzaɓi ne. Ranar da zai rasu, da hantsi na ɗora kalwa, na shigo na zauna kusa da shi ina yi masa fifita. Ni ban ji komai daga tsakar gida ba. Da na fita na tarar ruwan ya ja baya ƙwarai, amma bai kai kalwar ta kama ba, da ta iya jira. Na ƙara, na cika ƙaramar, na dawo na samu ajali ya riga ni. Shi ya sa nake tambaya. Abin da na sani kawai, kafin in fita ya buɗe ido ya saurara, ya taɓa hannuna, ya ce:

"Ta-Gwaram, tukunyarki na neman ruwa. Je ki, na bayan ya yi ɗumi."