Duron da aka liƙe wa gindi

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ranar da agwagina suka mutu a tsakar gida ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin muna haya a Iku, a gida mai ɗakuna jere. Maigidana yana aiki a wani kamfanin wanke zinare da ke can bayan gari, shi ne mai kula da ɗakin ajiyar sinadarai. Akwai wani da suke kira sayanayid, da shi ake raba zinare da niƙaƙƙen dutse, kuma a cikin shuɗin duron roba ake kawo musu shi. In duro ya ƙare, sai ya wanke shi da wani magani, ya huda gindinsa da ƙarfe, a jefa shi cikin shinge. Ni kuwa wannan hudawar ba ƙaramin ƙona mini rai take yi ba. Muna garin da in zafi ya yi sai ka roƙi mai ruwa da kuɗinka, ga mutum yana lalata duro lafiyayye.

Maƙwabciyata 'yar kudu ce, Maman 'Yan Biyu muke ce mata. Mijinta ya rasu, da tuwon rogo take riƙe gidanta, tana sayarwa a bakin titi. Ita ta kwana da ni a asibiti da na zo haihuwa, don haka ba na jin akwai abin da zan hana ta. Wata rana ta tare maigidana a ƙofa.

"Oga, abeg, ka taimake ni da duro ɗaya. Bahon da nake jiƙa rogo ya fashe."

"Ba a bayarwa," in ji shi, ya tura babur ɗinsa ya fita.

Haka yake, magana kamar da kuɗi yake sayenta. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Da ya dawo na ce masa ko rowa ce ai a bar ta a waje, ban da maƙwabta. Ya ce guba ce a ciki, ya ci gaba da cin tuwonsa. A raina na ce wace guba ce omo ba ya wankewa. Ita kuma tun daga ranar gaisuwarta ta koma a taƙaice.

Ana nan, wata ranar da azahar, na fito da tsaki zan zuba wa agwagina, sai na tarar da su kwance a bakin kwata, wasu na shure-shure, wasu sun riga sun miƙe. Na bi jiƙaƙƙiyar ƙasar da ido har ƙofar Maman 'Yan Biyu. Ga shuɗin duro a tsaye, ga ferarren rogo tuli a gefe, ita kuma tana zaune a ƙasa ta dafe kai, zanenta sharkaf.

"Wurin 'yan gwangwan na saya," ta ce tana haki. "Na sa kai ciki ina gogewa, sai kaina ya fara juyawa."

Na leƙa gindin duron ba tare da na taɓa ba. Akwai tabo baƙi inda aka narka roba aka toshe huda. Nan take na kira maigidana a waya.

Ban taɓa jin ya yi magana da yawa irin ta ranar ba. "Fitar da ita inda iska take. Ki sa leda a hannu, ki cire mata jiƙaƙƙen kayan, ki kwarara mata ruwa mai tsabta, kada ki ji tausayin ruwan. Ki rufe ƙofar gida kada kowa ya taka wurin. Ku tafi asibiti, ki ce musu sayanayid ne. Maimaita in ji." Na maimaita.

Ruwan da na yi tanadi duka na juye mata. A cikin Keke Napep kanta na kan cinyata, tana salati irin nasu ina yin irin namu. Allah ya sa da sauran shan ruwanta a gaba, likitoci suka ceto ta.

Da na koma gida na tarar da maigidana da abokan aikinsa sanye da takunkumi da safar hannu. Sun kwashe ƙasar kwatar, sun ɗaure duron da rogon da agwagin, sun tafi da su. Har yau ba a san ta inda duron ya fito ba, domin ba su kaɗai ke wannan aiki a yankin ba. Amma daga ranar suka daina hudawa, sai dai su daddatsa duro yadda mai liƙi ba zai iya komai da shi ba. Ni dai in na tuna rogon nan da mutanen da ke layi a bakin titi suna jiran tuwonta, har yanzu tsigar jikina tashi take.

Ranar da aka sallame ta, ta tarar da sabon duro fil a ƙofarta, maigidana ya sayo a kasuwa. Ita kuwa agwagina take ta ba ni haƙuri a kai, har ta sa ni kuka. Shi ya tsaya a gefe yana sosa ƙeya.

"Madam, ki yafe mini," ya ce. "Na hana ki, amma ban gaya miki dalili ba."

Ta ce, "Oga, ko ka gaya mini, da wuya in yarda."

Gaskiya ta faɗa, don ni da aka gaya wa ban yarda ba. Abin da na koya shi ne, wani hanin ƙauna ce tsantsa, ko da ya zo da ɗaurarriyar fuska. Amma wanda ya san haɗarin abu, hani kaɗai bai sauke masa nauyi ba, sai ya zauna ya yi ta bayani har mai taurin kai irina ta ji tsoro.